Cittar Gidanmu a Cikin Kwalba

Aikin da aka fara ba ni a wannan sana'a wanke kwalba ne, kuma wata huɗu na yi ina yinsa. Ina faɗa ne saboda ku da kuke zuwa mana yanzu da waya a hannu. Kun kalli bidiyon minti uku, kun ga wata ta yanki ganye ta jefa a kwalba, kafin ta gama murmushi abu ya zama daji. Sai ku shigo nan Kafanchan ku ga kujera mai juyawa da ɗaki mai sanyi, ku ce, "Anti Rahila, wannan ma aiki ne? Ai hutu ne da albashi." To madalla. Ku ja kujera ku zauna, ku ji yadda hutun yake.

Sana'ar a baki ba ta da wuya. A jikin citta akwai idanu, nan take tsirowa. Can cikin idon akwai ɗan tsiro wanda bai kai kan allura ba, sabo fil, sau da yawa cutar da ke jikin uwar ba ta riga ta kai gare shi ba. Shi muke cirowa mu ɗora a kan abinci a cikin kwalba. Abincin ruwa ne da sukari da gishirin taki iri-iri, da wani gari da ake kira aga, mai sa ruwa ya daskare kamar kokon da ya kwana. In tsiron ya kama, sai ya yi 'ya'ya. Mu raba su a sababbin kwalabe, su ma su yi nasu. Daga ido ɗaya sai ka cika gona da iri mai tsabta. Matsalar guda ce tak: abincin da tsiro ke so, fumfuna ta fi shi so, kuma ta fi shi sauri.

Wanda ya koya mini shi ne Oga Bitrus, wani gajeren mutum mai tabarau ɗaure da zare. Shi ne shugaban mawaƙa a cocinsu, kuma a waje ba ka isa ka saka kalma a tsakanin maganarsa ba. Kwalaben jam muke saye wajen matan da ke tara su a kasuwa. Zan wanke, in ɗauraye, in kife, ya ɗaga ɗaya a hasken taga ya ce, "Wannan ai ko kunu ba zan sha a ciki ba," in sake komawa famfo. Bayan wanki sai tukunyar tururi, mai murfi da ake ɗaurewa. Kwalba da abinci da auduga da wuƙa, duk sai sun dahu a cikinta. Ranar da na buɗe ta kafin ta huce, na san dalilin da ya sa gashin girar Oga Bitrus na hagu bai kai na dama ba.

Inda ake aikin gaske shi ne akwatin iska. Tebur ne mai rufi, da fanka a bayansa da ke turo tatacciyar iska zuwa fuskarka. A ciki akwai fitilar sifirit, da matsefata, da siririyar wuƙa, da madubin da ke ƙara girman abu. Ka goge hannu da sifirit, ka ƙona bakin wuƙa, ka jira ta huce, ka yanka. Dokar Oga Bitrus a wurin ɗaya ce: in hannunka ya shiga akwati, bakinka ya mutu. Ba waƙa, ba tari, ba waiwaye. Shi kansa mai surutun nan, in ya zauna sai ka ce gunki ne.

Na ɗauka wannan ce doka mafi sauƙi. Ban tuna daga inda na fito ba.

A wata na shida ya ba ni aikina na kaina, 'ya'yan ayaba kwalba talatin. Ina tsakiyar rabawa sai ga matar fastonmu ta leƙo da takardar taron zumuntar mata. "Rahila, sannu da aiki." Ban ma yi tunani ba. Na ajiye wuƙa, na juyo, na sauke takunkumi, don ba a gaida babba da baki a rufe, na ɗan rusuna hannu a gwiwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya Baba Fasto, yaya yara, yaya muka ji da ruwa. Ta sa mini albarka ta tafi. Na koma na ci gaba da aiki da hannun da ya taɓa zane, da bakin da ya gama ladabi a kan buɗaɗɗun kwalabe.

Kwana biyar bayan haka fumfuna ta fito, fara da koriya da baƙa. Oga Bitrus bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Ya jera kwalaben a kan taga, ya kira ni, yana nuna su ɗaya ɗaya da biro.

"Wannan 'lafiya lau' ne. Wannan 'yaya Baba Fasto'. Wannan baƙin, ina jin shi ne 'yaya muka ji da ruwa'. Congrats, Rahila. Kina da tarbiyya."

Ya ƙara da abin da har yau nake gaya wa kowa. Gaisuwar ƙasarmu, in za a yi ta yadda ya kamata, ba ta kasa minti biyar. Tsiron da ka ciro daga ido kuwa, in ka bar shi a fili cikin wannan iska, kafin ka kai "yaya gida" ya bushe. Dole ɗaya ya jira, kuma tsiro bai iya jira ba.

Masu zuwa sayen iri su ma makaranta ce. Wani ma'aikaci daga Sabon Tasha, yana gab da ritaya, ya zo da littafi cike da lissafin buhunan da zai samu, ya koma da kwalba ɗaya don ya ajiye a falo baƙi su gani. Wani ɗan tireda daga Kasuwan Magani ya daɗe yana kallon kanta, sannan ya sauke murya ya tambaye ni ko ana shan ruwan ciki don basir. Manoma na gaske kuwa dariya suke mana, kuma suna da hujja. Tsiron kwalba a zubin farko ba ya ba da citta sai 'yan ƙanana kamar gyaɗa, sai an sake shuka waɗannan kafin a ga abin kirki. Mutumin da ya gaji iri daga ubansa, ya tona ramin ajiya a ƙarƙashin mangwaro ya rufe da ciyawa, me zai yi da gyaɗar 'yan boko? Shekaru muka yi muna rayuwa da ayaba da abarba. Citta kuwa muna yin ta ne kawai don kada hannu ya manta.

Sai shekarar da citta ta ruɓe. Ba sai na gaya wa ɗan ƙasar nan wace shekara ba ce. Ana tsakiyar damina ganye ya fara rawaya, mutane suka ce taki ne bai isa ba, suka ƙara taki. Cikin 'yan makonni gona ta kwanta. Ka ja kara ya biyo hannunka ba gardama, ƙasan ya zama ruwa, ga wari. Daga Kafanchan zuwa garinmu Fadan Kagoma, in kana kan mashin, hancinka ne zai gaya maka inda gonar citta take. Asarar amfanin shekara ɗaya abu ne da manomi ya sani. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne iri ya tafi tare da amfani. Mutanen da ke mana dariya suka fara zuwa suna tsayawa a bakin ƙofa, hula a hannu. Lokacin Oga Bitrus ya yi ritaya, hannunsa ya fara rawa, ni ce a kan kujera.

Cikin masu zuwa har da Baba Yohanna, wan mahaifina. Tun da babana ya rasu shi ne uba a gare ni, shi ya karɓi sadakina. A gidanmu ba a sayen irin citta. Tafin giwa ce, irin mai faɗin nan, wadda kakana ya shuka. In ɗa namiji ya yi aure, uba yakan ɗebi iri ya ba shi da hannunsa, daga nan ya zama mai gona. Mace ba a ba ta, tunda wani gida za ta. Na babana ya ƙare da shi. Na 'ya'yan Baba duk ya ruɓe. Abin da ya rage a duniya na cittar kakana shi ne abin da Baba ya kwance daga cikin hularsa ya ajiye a kan teburina: gutsure uku, biyu ma gefensu ya fara laushi.

"Rahila, sun ce kana sa citta a kwalba ya tashi. Ga na baban mu. Shi ke nan ya rage. In ya mutu a hannunka, to, Ubangiji ne ya so."

Ya faɗa kamar mai sauƙaƙa mini, amma na ji nauyin abin. Tsoro na ji, ba na ɓoyewa.

Citta ta fi duk abin da na taɓa sawa a kwalba taurin kai. A ƙasa take kwana, saboda haka datti ba a fatarta kawai yake ba, har cikin namanta. Na yanke ruɓaɓɓen, na binne sauran a dafaffen yashi mai ɗan laima, na jira. Ido bakwai suka fito, ba tare ba. Kowanne in ya kai, in yanke shi, in wanke da sabulu a ƙarƙashin famfo, in tsoma a sifirit, in jiƙa a ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, in ɗauraye sau uku da dafaffen ruwa, sannan in shiga akwati in dinga ɓare shi a ƙarƙashin madubi, ɓawo bayan ɓawo. In bilic ya yi yawa ka kashe tsiro, in ya yi kaɗan ka bar cuta. Na farko da na biyu, wani farin ruwa kamar madara, alamar cuta, ya kewaye su a kwana na huɗu. Na uku na ƙona shi da bilic. Na huɗu da na biyar madarar ta sake fitowa. Na shida ya zauna tsaf, mai tsabta, bai ruɓe ba bai tsiro ba, har ya yi baƙi. Duk wanda ya zo daga gida Baba sai ya aiko a tambaya, ni kuma in ce a gaya masa muna kan aiki.

Na bakwai na zauna masa wata ranar Talata da safe. Na yi addu'ata tun a waje, don a ciki ko amin ba a cewa. Na wanke shi, na shiga, na fara ɓarewa. Na kai ɓawon ƙarshe, tsiron ya bayyana a madubi, ɗan fari mai sheƙi, bakin wuƙata yana gindinsa. Sai na ji an turo ƙofa a bayana.

"Salama. Rahila, ina kwana?"

Baba ne. Ya gaji da saƙon "muna kan aiki", ya hau mashin tun daga Fadan Kagoma ya zo ya gani da idonsa. Mai gadi ya ji an ce baban Madam ne, wa zai tare shi?

Wallahi jikina ya riga ni. Gwiwata ta fara neman ƙasa, bakina ya buɗe a cikin takunkumi. Sai na tuno kwalaben nan da Oga Bitrus ya jera mini a kan taga. Babu ido na takwas. Yashin nan na tone shi da yatsa, babu komai a ciki sai busasshen ɓawo.

"Rahila. Na ce ina kwana."

Na yanka. Tsiron ya hau bakin wuƙa.

"Ni ne fa. Yohanna, wan babanka."

Na buɗe kwalba da hannun hagu, na gifta bakinta a wuta, na sauke tsiron a kan abinci, na ɗan danna, na sake gifta baki a wuta, na rufe, na naɗe murfi da leda. Duka bai fi minti biyu ba. Da na juyo, ƙofa a rufe take. Na fita da gudu har bakin titi, takunkumi a wuya, sai bayan rigarsa na hango a kan mashin.

Kafin Lahadi labari ya gama gari. Rahila ta yi boko har ta ba wan ubanta ƙeya. Ya gaishe ta sau uku, shi babba, ita ko waiwaye. Wasu suka ce ai dama aikin nan na kwalba akwai abin da ake yi wa mutum a ciki. Ranar Asabar na je da kaza da sabulu na durƙusa a tsakar gida. Na yi bayanin iska da fumfuna da minti biyun nan. Ya saurara har na gama, sannan ya juya wajen matarsa, Mama Laraba.

"Gaya wa likita ya tashi, kada zanensa ya yi datti. Gaya masa kuma ya riƙe citta. Abin da ya sa yaro ya manta gaisuwa, ba zai shiga gona na ba."

Wannan ya fi komai yi mini zafi. Ba fushin ba, fushi yakan huce. Irin da ba a shuka ba ai mataccen iri ne, ko da yana kore shar a kan kanta. Na koma Kafanchan ina tunanin na ceci cittar kakana daga cuta na kashe ta da bakina, ni da ban ce komai ba.

Kwalbar kuwa ba ta san ana yi ba. Kwana huɗu, ba madara. Kwana goma, tsaf. A mako na huɗu farin ya juya kore. Na kira Oga Bitrus a waya, ya ce kada in yi murna sai ta haihu. Ta haihu uku. Ukun suka zama goma sha ɗaya. Duk bayan mako biyar ko shida in zauna in raba, kuma tun daga ranar Baba na sa wa ƙofar nan sakata ta ciki, abin da ya kamata a ce an yi tun zamanin matar fasto. Damina ta zo ta wuce, Baba ya shuka masara a inda citta take. A bikin godiya na gaishe shi a ƙofar coci, ya duba agogon da ba ya aiki.

Fitar da tsiro daga kwalba wani aikin ne daban, kuma nan ne masu bidiyo suke kashe kyamara. Abin da ya girma cikin laima, ba rana ba iska, in ka fito da shi kai tsaye kafin azahar ya kwanta. Sai ka wanke saiwar tas, don ko ɗigon abinci ya rage tururuwa da fumfuna za su zo biki. Ka dasa a dafaffiyar ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa, ka kife masa leda, kullum ka ɗan ƙara buɗewa, kamar yaye. Daga nan gidan raga, a cikin buhuna, ina ba su ruwa duk rani. Da ganye ya bushe na zazzage buhunan. Gyaɗar 'yan boko ta fito, ƙanana, masu tauri, ba tabo ko ɗaya. Ta cika kwano babba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, na ɗauki kwanon na hau mota. Na riga na aika wa Mama Laraba cewa in za a shuka, sai a sabon wuri inda citta ba ta taɓa zama ba, da fartanya wankakkiya, kuma kada a haɗa da irin kowa. Ban sani ba ko ta faɗa masa, ko ta ji tsoro.

Na same shi zaune a gindin mangwaro, kusa da ramin ajiyar da babu komai a ciki. Na ajiye kwanon a gabansa na ja baya. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya karya, ya kai hanci. Ya ɗan ciza. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da fartanya sabuwa, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Ashe Mama ta faɗa. Ya ɗora kwanon a kai da kansa, dattijo mai jikoki, ya kama hanyar tsohuwar gonar acca da ke bayan dutse. Na bi shi a baya. Wurin a gyare yake, an riga an yi kunya, ga ganyen rufi an tara a gefe.

Ya sunkuya ya fara. Sara, saka, rufe. Na durƙusa a bakin gona.

"Baba, sannu da aiki."

Sara, saka, rufe.

"Baba, ina kwana?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ƙasa jiƙaƙƙiya ce, sanyinta ya ratsa zanena. Mama Laraba tana tsaye da tulun ruwa, ta kawar da fuska.

"Baba, ni ce fa. Rahila."

Sai da ya kai ƙarshen kunyar, mai tsawo ce kuwa, ya dawo ta biyu har inda nake. Ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya share gumi, ya dube ni.

"Ba a magana a kan iri. Ko ba haka dokan ku yake ba?"

Nan take ya ci gaba. "Lafiya lau. Gajiya da sauƙi. Yaya Kafanchan? Yaya maigidanka? Yaya yara? Yaya wancan ogan naka mai tabarau?" Ya bi su ɗaya ɗaya bai tsallake ko guda ba, gaisuwar wata goma sha huɗu, ina amsawa ina share fuska da bakin ɗankwali.

Sannan ya sa hannu a kwanon, ya zaɓa, ya ajiye, ya sake zaɓa, har ya sami wadda ta fi sauran girma.

"Babanka ya tafi bai ba kowa ba. Buɗe hannu. Wannan na baban mu ne, ba a sayarwa, ba a wasa da shi. Ka nemi wuri mai kyau ka sa."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya yadda ɗa namiji yake yi ranar da aka ba shi. Ban gaya masa cewa a ranar ina da kwalba fiye da ɗari biyu na wannan cittar jere a kan kanta ba. Wadda ya ba ni ɗin ita ce waccan a cikin bokiti a bakin ƙofa, wadda kuke tsallakewa kullum in za ku shigo hutu. In ɗayanku ya zubar mini da ita, wata huɗu zai yi yana wanke kwalba.